Alƙalamin Mai Jin Ciwo: Nazari a Kan Ida Tarbell

Wanda aka cuci mahaifinsa, zai iya rubuta tarihin macucin bisa adalci? Wannan tambaya ce ta tsaya mini a rai tun da na karanta The History of the Standard Oil Company, littafin da Ida Tarbell ta fitar a 1904, bayan ta fara buga shi kashi-kashi a mujallar McClure's daga 1902.

An haifi Tarbell a 1857 a jihar Pennsylvania ta Amurka, ta kuma girma a yankin rijiyoyin mai. A 1872 ta ga yadda wata yarjejeniyar sirri tsakanin kamfanonin jirgin ƙasa da manyan matatun mai, ciki har da na John D. Rockefeller, ta jijjiga ƙananan 'yan kasuwa irin mahaifinta. Saboda haka ba da zuciya wankakkiya ta zo wa aikin ba, kuma masu sukarta sun riƙe wannan a matsayin hujja.

A ganina, ƙarfin littafin yana cikin yadda ta yi wa fushinta linzami. Ta bi takardun kotu da rahotannin binciken majalisa, ta kuma yi ta zama da Henry H. Rogers, ɗaya daga cikin jigogin kamfanin, domin ta ji ta bakinsu. Da haka ta nuna yadda ake rage wa Standard Oil kuɗin dako a ɓoye, har ma a yanka masa wani kaso daga abin da abokan hamayyarsa suka biya. Ta kuma bankaɗo yadda ma'aikatan jirgin ƙasa ke kai wa kamfanin rahoton kayan da abokan hamayyar suka aika. Duk da haka, ta keɓe babi guda ta yaba ƙwarewar kamfanin wajen tsari da tattali. Wannan yabo ne ya sa zargin ya yi nauyi, domin mai karatu ya ga ba a tauye wa wanda ake tuhuma haƙƙinsa ba.

Inda na rabu da ita shi ne rubutun da ta yi a 1905 a kan halayyar Rockefeller. A nan linzamin ya tsinke. Ta koma siffanta fuskarsa da kamanninsa a matsayin alamar mugun hali, alhali kama ba hujja ba ce. Marubuciyar da ta saba cewa ga takarda, sai ga ta tana cewa ku dubi idonsa. Wannan rubutu bai tsufa da mutunci ba kamar littafin.

A 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin wargaza Standard Oil, aka raba shi gida 34. Ba Tarbell kaɗai ta jawo hakan ba, amma ta shirya zukatan jama'a. Daga cikin jikokin kamfanin akwai ExxonMobil da Chevron, waɗanda ke haƙar mai a Nijeriya, don haka labarin bai yi mana nisa ba.

Amsar da na samu ita ce: mai jin ciwo zai iya yin adalci, matuƙar ciwon ne ya tura shi neman hujja. Ranar da ciwon ya karɓe alƙalamin, kamar a 1905, aikin ya tashi daga bincike ya koma ramuwa.