A Rera Mana Jatau Na Kyallu da Baki

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mawaƙin da ba zai iya buɗe baki ya rera waƙarsa a gaban mutane ba sai an kunna masa ita a lasifika, ni ban san da wane suna zan kira shi ba. Mu nan Nasarawan Doya da Makarfi da Hunkuyi har Ikara, kusan duk bikin da ka je yanzu abin da za ka tarar ke nan: a ɗauko mawaƙi daga birni da kuɗi masu kauri, ya iso da tawagarsa, ya miƙa wa dije filashi, a saki waƙar da ya yi a sitidiyo, shi kuma ya riƙe makirfo yana motsa leɓe yana nuna amarya da yatsa. Mamin ke nan. A wani biki da aka yi nan kusa da mu bayan an gama saran rake, ana tsakiyar liƙi sai janareto ya ɗauke, waƙa ta ɗauke tare da shi. Mata suka ce ya ci gaba da baki mana, ai waƙarsa ce. Bawan Allah ya tsaya yana latsa waya har aka je aka sayo mai. Wallahi tausayinsa na ji, na kuma fi jin tausayin uban amarya da ya sayar da buhunan masara ya ɗauko shi.

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki wani fim ne na Afirka ta Kudu da na kalla kwanan nan, U-Carmen eKhayelitsha. Opera ce, wato irin wasan kwaikwayon nan na Turawa da ake rera labari da waƙa. Asalinsa na Faransa ne. Wani mai tsara kiɗa, Georges Bizet, shi ya haɗa Carmen, aka fara nuna shi a birnin Paris ranar 3 ga Maris, 1875. Mutanen Paris na lokacin ba su karɓe shi hannu biyu ba, sun ga kamar an kawo musu 'yan bariki kan dandamali. Bayan wata uku Bizet ya rasu yana da shekara 36, bai ga ranar da wasansa zai zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yi a duniya ba. Yau shekara 150 da ɗoriya, ƙungiyoyin opera na ƙananan garuruwa a Turai da Amurka ba su daina yin sa ba. Su ɗauko manyan muryoyi uku ko huɗu daga waje, 'yan amshi kuwa sau da yawa mutanen gari ne, su yi makonni suna gwaji, su cika zaure.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. A ƙa'idar wannan sana'a, mawaƙi ba ya riƙe makirfo. Makaɗa wajen hamsin ko fiye suna zaune a gabansa da gogensu da ƙahonninsu da gangunansu, shi kuma dole muryarsa ta haye kansu ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Da ƙirji da numfashi ake yi. Shekaru ake kwashewa ana koyon yadda za a ja iska a riƙe ta a sake ta a hankali. Idan murya ta karye a tsakiyar baiti, kowa ya ji, babu injin da zai rufa maka asiri.

Kada wani ya ce ai wannan sai Bature. Mutanen da suka fito a fim ɗin can baƙaƙen fata ne irinmu. Ƙungiyarsu, Dimpho Di Kopane, an kafa ta ne bayan an zagaya garuruwa da unguwannin talakawa ana gwada muryoyi, aka zaɓi mutum wajen arba'in, da yawansu a ƙungiyoyin waƙa na coci da na makaranta suka koyi rerawa. Wadda ta fito a Carmen, Pauline Malefane, a Khayelitsha ta tashi, unguwar marasa galihu a gefen birnin Cape Town, kuma da ita aka mayar da baitocin zuwa harshen Xhosa. Kafin a kai ga kyamara sun yi wasan a dandamali, ido na ganin ido, har London. A 2005 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin. Daga baya wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar Isango, suka ɗauki wata opera ta Mozart, suka ajiye kayan kiɗan Turawa suka kaɗa ta da marimba da ganguna.

Ina kallo ina cizon yatsa. Ba don ina so a kawo Carmen Makarfi ba, a'a. Sanagal ta gwada nata a 2001 da fim ɗin Karmen Geï, aka saka waƙar Muridawa a wurin da bai dace ba, mabiya ɗariƙar suka fusata a Dakar har aka dakatar da nuna shi. Wannan darasi ne, kuma ni ma ina ganin kowace ƙasa da irin abin da cikinta zai ɗauka. Cizon yatsana na wani abu ne daban: labarin nan muna da irinsa, kuma ɗan garinmu ne ya rubuta.

Ku duba. Carmen ma'aikaciyar kamfanin taba ce a birnin Seville na Sifaniya. Wani soja, Don José, yana da yarinyar kirki da mahaifiyarsa ke so ya aura, sai ya faɗa tarkon Carmen. Ya sake ta bayan an ba shi tsaronta, aka ɗaure shi, ya fito ya watsar da aikin soja ya bi 'yan fasa-ƙwauri, ita kuma ta juya masa baya ta koma wajen wani gwanin wasa da bijimai. Ƙarshe ya daɓa mata wuƙa. To wanda ya yi Hausa a sakandare, wannan bai tuna masa da kowa ba? Shu'aibu Makarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959, ya biyo da Jatau Na Kyallu a 1960. A na biyun, mai arziki ne da gidansa da mutuncinsa, aka yi masa faɗa bai ji ba, ya auro mace mai zaman kanta, gida ya watse, dukiya ta bi iska. Bambancin kawai, Bafaranshe ya ƙare da wuƙa, namu ya ƙare da nadama, kuma ni na fi son namu don shi ne abin da muke gani a unguwa. Mutanen Faransa sun ɗauki labarinsu sun sa masa murya, duniya tana rera shi har gobe. Mu mun ɗauki namu mun kulle a ajin jarrabawa, yara su haddace sunayen 'yan wasa, su rubuta, su manta. A ƙaramar hukumar da marubucin yake ɗauke da sunanta, yara nawa ne suka taɓa ganin Jatau da Kyallu a tsaye suna magana, balle su ji su suna rerawa?

Kuma kada a ce ba mu da muryoyin. Alhaji Mamman Shata ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa a fili, kalangai suna tsawa a bayansa, yana ƙirƙirar baiti nan take, ya hango mutum ya shigo taro ya saka shi a waƙa kafin ya zauna. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988 saboda wannan baiwa. Musa Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa, yadda suke karɓa suna ƙari, wani ya ɗauko daga sama wani ya tare daga ƙasa, duk wanda ya saurara da kunnen basira ya san tsari ne mai wuya wanda sai an zauna an koya. Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa yakan zama miji ya zama mata ya zama mai gulma a waƙa guda, yana sauya murya, ka rantse mutum uku ne. In wannan ba wasan kwaikwayo da waƙa ba ne, mene ne? Barmani Choge da matanta da ƙwaryarsu sukan riƙe gidan biki tun la'asar har dare. Waƙar da gwanin bijimai yake yi wa kansa a Carmen, wadda Turawa ke ji tsigar jikinsu na tashi, kirari ne tsagwaronsa, kuma wanda ya ji Ɗan'anace yana wasa Shago ba zai ce an fi mu a wannan fage ba. Ko yaran da ke tashe da azumi, ai labari suke yi da waƙa da amshi da shiga, ba lantarki ba komai. Haka matan da ke daka, haka 'yan gayya a gona.

To ina muryoyin suka shiga? Sun shiga kwamfuta. Tunda fiyano ya mamaye sitidiyo a Kano a ƙarshen shekarun 1990, lokacin fina-finai irin su Sangaya, aka raba aiki gida biyu: wani ya rera a ɗaki, wani ya yi mamin a gaban kyamara. Wannan a fim ba laifi ba ne, Indiyawan da muka koya a wajensu haka suke yi. Laifin shi ne da mawaƙin kansa ya fara yi wa kansa mamin a gaban mutanen da suka biya don su ji shi. Sai kuma na'urar gyaran murya ta zo ta ƙarasa aikin. Yanzu mai mura da mai zaƙin murya duk ɗaya suke fitowa, siririyar murya mai rawa kamar ta cikin gwangwani, namiji da mace sai ka kasa kunne sosai kafin ka bambance. Yaro ya taso yana ganin ba ya bukatar ubangida, ba ya bukatar ya yi shekaru yana amshi kafin ya zama jagora. Kuɗin sitidiyo kawai zai tara. Da can sai ka bi mawaƙi kana ɗaukar masa kalangu, kana amshi, muryarka tana nuna a hankali. Yau ranar da ka fara, ranar ka zama fasihi a TikTok, har da laƙabi.

Na san abin da za a ce: babu kuɗi, ɗaukar makaɗa goma ya fi ɗaukar dije ɗaya tsada. Gaskiya ne. Amma kuɗin da ake liƙa wa mai motsa leɓe a dare guda ai ba ganye ba ne.

Kuma in za a faɗi gaskiya, cikin mawaƙan zamani akwai masu murya ta Allah da Annabi. Aminu Ala ya iya zama da makaɗan gargajiya ya rera ka ji daɗi. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Fati Nijar ba injin ne ya ba su abin da suke da shi ba, kuma wasu baitocinsu sun fi ƙarfin raini. Wannan ma shi ya fi ƙona mini rai. Wanda ba shi da murya in ya ɓuya a bayan na'ura, an san dalilinsa. Amma sana'ar da ta tara masu baiwa irin waɗannan, me zai sa ta saba wa jama'a da gwangwani? Mu ma masu sauraro da namu laifin. Mun daina nema. Mawaƙi ya zo ya yi mana mamin, mu tafa, mu ɗauka a waya, mu tura wa 'yan uwa, alhali waƙar tana cikin wayar tun kafin ya zo.

Abin da ya ƙara ba ni takaici, kayan aikin duk suna kusa da mu. Zariya ba nisa. A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, a tsarin gidan Bahaushe, wanda ɗalibai suka daɗe suna wasa a ciki, suna kuma fita da wasa ƙauyuka. Zariyar nan ce ta haifi marigayi Ƙasimu Yero. Kaduna ta ba mu Samanja Mazan Fama. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Ita kanta Kannywood daga ƙungiyoyin dandamali ta fito: Tumbin Giwa da ta yi Turmin Danya a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ce kafin ta riƙi kyamara. Ashe ba baƙon abu nake roƙo ba. Gida nake cewa a koma, a ƙara da waƙa.

Ni dai da za a ji tawa, ga yadda za a yi. A nemi izinin masu haƙƙin littafin Jatau Na Kyallu. A samu marubucin waƙa da ya san kari da amsa-amo ya zuba maganganun Jatau da Kyallu da uwargida da abokai a baiti. A zagaya Gubuci da Gimi da Mayere da Gazara da Kudan ana gwada muryoyi, kamar yadda mutanen Afirka ta Kudu suka yi, a duba cikin 'yan Islamiyya masu rera ƙasida da masu bege da yaran makaɗa da suka ajiye kalangun iyayensu suka kama acaɓa. Jatau ya samu murya mai kauri da kalangu a bayansa, Kyallu ta samu kukuma, uwargida ta samu gurmi mai sanyi, mutanen unguwa su zama 'yan amshi masu tsegumi. A yi shi da shiga ta mutunci, da rana tsaka, maza gefe mata gefe, yadda malam da hakimi za su zauna su kalla ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Labarin da ma wa'azi ne. A fara a filin makarantar firamare bayan kaka, lokacin da manomi ke da ɗan abin sayen tikiti.

Malaman Hausa na sakandarenmu, da ɗaliban wasan kwaikwayo na Samaru, da 'yan ƙungiyoyin matasa na Makarfi da Ikara da Kudan, da ku nake. Ku kuma masu shirin aurar da 'ya'ya bana, in za ku ɗauko mawaƙi, ku gindaya masa sharaɗi tun wajen ciniki: waƙa biyu aƙalla da bakinsa, dije ya kashe na'ura. In ya ce ba zai iya ba, ku riƙe kuɗinku ku kira masu kalangu.