Alhaji Ya Yanke Jiki Ya Faɗi: Ciwon Suga a Hannun Masu Ba Mu Labari

Duk wanda ya saba kallon finafinan da ke zo mana daga Kano, ko sauraron wasan kwaikwayon rediyo namu na nan Nijar, ya san wannan fitowar. Alhaji na zaune a falo aka kawo masa mugun labari: ɗiyarsa ta ƙi mijin da ya zaɓa mata, ko kayansa sun salwanta a hanyar Kwatano. Sai ya dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi. A fitowa ta gaba likita ya cire tabarau ya ce wa iyali sugan Alhaji ya hau, a guji ɓata masa rai. Shi ke nan, ciwo ya gama aikinsa. Ɗiya ta durƙusa tana kuka, aka ɗaura aure, kuma har labarin ya ƙare ba za ka ga Alhaji ya haɗiyi ƙwaya ɗaya ba.

Na daɗe ina kallon wannan bai dame ni ba, har muryata na sha ara wa irin wannan wasa. Sai shekara uku da suka wuce aka miƙo mini takardar gwajin jini a wani asibiti a Maradi. Likita ya ce wanda aka auna bai ci kome ba tun dare, aka samu gram 1,26 a lita ko fiye har sau biyu, yana da ciwon. Nawa ya haura gram 2. Ban dafe ƙirji ba, ban faɗi ba. Babur ɗina na hau na koma aiki na karanta labaran rana. Abin da ya biyo baya kuwa, babu marubucin da ya taɓa nuna mini shi.

Kuskuren wancan Alhaji ba ƙarami ba ne. Nau'i na biyu na ciwon suga, wanda shi ne na mafi yawan masu fama, lallaɓowa yake yi shekara da shekaru: ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama, kasala, gyambon da ya ƙi warkewa. Mai suga da ya jiƙe da gumi yana karkarwa farat ɗaya, sau da yawa sugan ne ya sauka, don ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, kuma in yana cikin hayyacinsa abu mai zaƙi yake buƙata nan take. Mai kallo an koya masa akasin haka. An kuma koya masa cewa ciwon masu falo da firji ne, alhali ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna uku cikin huɗu na manyan da ke da shi suna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin hali, kuma a Afirka fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Sai ɗaya ɓangaren, wato mu masu shirin kiwon lafiya. Kowace 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, mukan gayyato likita, mu jera masa tambayoyin bara. A yanke ƙafa, ido ya mutu, ƙoda ta tsaya, namiji ya kasa. Daga nan sai jerin hani: ban da fura, ban da shinkafa, ban da lemon kwalba, ban da dabino. Babu ƙarya a cikin haɗarin da ake faɗa, kuma ban raina likitocin ba, minti talatin muke ba su. Amma tsoro man fetur ne mai saurin ƙonewa. Ni ya kai ni wata uku. Na rayu a kan acca da kwaɗon zogale, ina zagaya unguwa bayan sallar asuba, ina auna jini kamar mai tsaron kanti yana ƙirga ciniki. A wata na huɗu na tura na'urar awon ƙarƙashin gado. Tsinken awon na da tsada, wannan gaskiya ne, amma ainihin dalili shi ne na gaji da ganin lamba tana yanke mini hukunci kowace safiya. Ranar da ta hau sai in ji kamar na yi sata.

Wannan gajiya tana da suna a wajen masana. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Polonsky, ya rubuta littafi guda a kanta a 1999, bayan shi da abokan aikinsa sun fitar da takardar tambayoyi ta auna ta a 1995. Ba ciwon damuwa ba ce, ko da yake shi ma ya fi yawa a tsakanin masu suga. Gajiya ce ta mutumin da aka ba aikin da babu hutu, babu Juma'a babu Sallah. A 2018 hukumar lafiya ta Ingila ta fitar wa ma'aikatanta jagora a kan irin kalmomin da za su riƙa yi wa masu ciwon magana da su, don an lura zargi na korar mutane daga asibiti. Mu a nan har gobe cewa muke "ba ya bin doka", "taurin kai gare shi", kamar ɗan makaranta aka kama.

Abin da ya fi ba ni takaici a matsayina na mai son labari shi ne, wasan kwaikwayon na gaskiya yana nan zube a ƙasa, ba wanda ya duƙa ya ɗauka. Ga mutum a fadarsu da dare, an kai shayi zagaye na biyu, kofi ya iso gabansa da kumfa. In ya karɓa ya san abin da zai gani da safe. In ya ƙi, to me ya kawo shi fada? Ga Inna ta dama fura da hannunta ta aiko, ta ce, "Ɗan nan, furar da na raine ka da ita ce yau ta zama guba?" Ga kwano ɗaya da ƴan'uwa biyar suka kewaye, kai kaɗai kake ƙirga loma. Ga azumi ya zo, likita ya ce bana ka dakata, malam ya ce Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, amma ba ka san inda za ka ɓuya ka sha ruwa ba don kada yaranka su gani. Ga amarya da ke ɓoye ƙwayar metformin a cikin kwalbar turare don kada dangin miji su ji. Wane Alhaji ne mai faɗuwa a falo zai kai waɗannan nauyi?

Akwai kuma abin da ba na jin daɗin faɗa. Da likita ya tashi daga kujera, sau da yawa abin da ke biyowa talla ce ta mai maganin gargajiya da ke raba mutum da suga har abada cikin mako biyu. Na karanta irinta da bakina, aka biya ni. Na daɗe ina ɗauka jahilci ne ke kai mutane wajensa, sai da na sayi kwalba biyu da kaina na gane. A duk tsawon shirin shi kaɗai ne ya yi wa mai ciwo maganar da ke da gobe a cikinta. Ƙarya yake yi, amma mu da ke da gaskiya mun bar masa filin.

Alhali akwai abin sa rai na gaskiya da za mu iya faɗa. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 2017, kusan rabin masu ƙiba da ba su fi shekara 6 da ciwon ba, waɗanda aka sa su rage nauyi sosai a ƙarƙashin kulawa, sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda. Lafawa ce, ba warkewa ba, kuma ba ta kowa ba ce, musamman da yake da yawa daga cikin namu ba su da ƙibar. Amma ko wanda ba zai kai can ba, duk ɗan saukin da ya samu yana rage masa haɗarin ido da ƙoda. Ban taɓa jin mun buɗe shiri da wannan ba.

Ni dai abin da ya sa na jawo na'urata daga ƙarƙashin gado ba wa'azi ba ne. Wani dare ne a fada, mai dafa mana shayi ya tsiyaye kofi ɗaya ya ajiye gefe kafin ya zuba suga a buta. Da aka zo rabo ya miƙo mini shi, bai kalle ni ba, ya ci gaba da gardamar kokowa da ake yi. Ɗaci kamar maɗaci, na shanye.

Na kai wa wani abokina mai rubuta mana wasa wannan labari, na ce ya gina fitowa a kansa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To abokina, a ina za a faɗi?"