Jinjina ga masu wayarin mota

Motar tsere irin Porsche 911 ta Jamus, ƙirar kafin 1998, ba ta da lagireto na ruwa. Iska da baƙin mai ke sanyaya injinta. Saboda haka idan gejin zafin mai ya yi ƙarya, direba na iya ƙone inji mai tsadar gaske bai sani ba.

Nan ne gwanin wayarin ke nuna kansa. Ba ya gaggawar cewa a sayo sabon geji. Sai ya cire wayar da ke kan ɗan sansan da aka ɗaura a jikin inji, ya taɓa ta da bodi. In allura ta haura ƙarshe, geji da waya lafiya lau, sansan ne ya mutu. In ba ta motsa ba, sai ya ɗauko mita ya bi waya taku-taku, har ya gano inda tsatsa ta ci ko zafi ya cinye roba. Sau da yawa ma wayar as ce kawai ta saki, gyaran minti goma.

Wani da zai yi shiru ya karɓi kuɗin geji, shi kuwa sai ya faɗi gaskiya. Mai mota, idan ka dace da irinsa a garejin Apo ko wani gareji, biya shi ba ciniki.