Fiyano da Kiɗan Rakiya a Waƙar Hausa ta Zamani: Tsokaci

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun daɗe da amincewa cewa kiɗa da waƙa a wurin Bahaushe Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Amma tun daga wajejen 1990 wata na'ura ta shigo tsakaninsu, watau fiyano mai tsara kiɗa da kanta, irin wadda kamfanonin Yamaha da Korg da Roland suke ƙerawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ake gina kiɗan rakiya a kan wannan na'ura, da abin da ya jawo wa waƙar Hausa na riba da hasara.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

A cikin kowace irin wannan fiyano akwai shiryayyun kaɗe-kaɗe da ake kira salo. A tsarin Yamaha, salo ɗaya yakan ƙunshi layuka takwas: biyu na ganguna, ɗaya na sauti mai kauri, sauran biyar na cike gurbi da ado. An kuma kasa shi zuwa mabuɗi, da gangar jiki har iri huɗu, da ciko, da marufi. Makaɗi yakan danna haɗin sautuka da hannun hagu, na'ura ta gane su ta juya rakiyar ta bi su, shi kuwa ya fitar da karin waƙa da hannun dama.

Hanya ta biyu ita ce makaɗi ya ɗauki kiɗan tun daga farko har ƙarshe, layi bisa layi, ya ajiye shi, ran taro ya sake shi mawaƙi ya hau. Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, shi ne ya sauƙaƙa wannan aiki. Bambancin hanyoyin nan biyu shi ne ƙashin bayan wannan tsokaci.

3.0 Abin da Aka Samu

Ba za a yi wa na'urar adalci ba sai an faɗi alherinta. A Nijar, Mamman Sani ya ɗauki kaɗe-kaɗensa a 1978 da wata ƙaramar ogan ƙirar Italiya, ya sarrafa karin waƙoƙin gargajiya a kanta, har gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suka shekara da shekaru suna sa su tsakanin shirye-shirye. A Kano kuwa, waƙar fim ɗin Sangaya na 1999, wadda aka kaɗa da fiyano, ta zama abin koyi ga masu shirya finafinai. Daga nan na'urar ta bazu zuwa waƙoƙin biki da na siyasa da na bege. Ta buɗe ƙofa ga matasa waɗanda ba su gaji kiɗa ba, ta kuma rage tsadar aikin da a da sai an tara ƙungiya guda.

4.0 Abin da Aka Rasa

Na farko shi ne zancen wane ne yake jan ragama. A ƙungiyar Alhaji Mamman Shata, masu kalangu da 'yan amshi su ne suke sauraron jagora: in ya ja baiti su jira shi, in ya hango wani babban baƙo ya karkata gare shi su bi shi. Haka abin yake ga Narambaɗa da masu kotsonsa. Kiɗan da aka riga aka ɗauka kuwa ba ya ji, ba ya gani. An ƙayyade gudunsa da yawan gaɓoɓinsa tun a ɗakin ɗauka, saboda haka mawaƙi ne ya koma mabiyi. Wannan ya sa sau da yawa a wajen biki sai a ga mawaƙi yana motsa baki kawai a kan muryarsa ta jiya.

Na biyu shi ne karin sauti. Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da faɗau, kalangu kuwa yana kwaikwayon su ta hanyar matse tsarkiya da sassauta ta, shi ya sa yake iya yin take da kirari. Gangar da take cikin na'ura bugu ne da aka ɗauka sau ɗaya ake ta maimaitawa. Tana iya kama amon kalangu, amma ba ta magana.

Na uku, an gina na'urar ne bisa sautuka 12 masu tazara daidai da kuma sauyin haɗin sautuka irin na Turai, alhali gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗanmaraya Jos ba a kan wannan ma'auni aka ɗaure su ba. Har ila yau, da yawa daga makaɗa sukan sa na'ura ta daidaita musu kowane bugu, sai ɗan jinkirin nan da gaggawar da suke sa kiɗan hannu daɗi su ɓace. Sakamakon haka waƙoƙi da dama suka zama kamar an zuba su a mazubi ɗaya.

5.0 Kammalawa

Laifin ba na na'ura ba ne ita kaɗai. Larabawa da Turkawa sun riƙe ma'aunin kiɗansu har kamfanoni suka ƙera musu fiyano masu iya raba sauti kashi huɗu. Yawancin manyan fiyano kuma suna ba makaɗi damar gina salon kansa daga tushe. Abin da ya kamata shi ne makaɗanmu su zauna da masu kalangu da kotso da kukuma, su gina salailai daga kaɗe-kaɗensu, su fifita salo mai bin hannu a kan kiɗan da aka ɗaure, su kuma bar wa makaɗin gargajiya gurbinsa a dandali. Sassan koyar da Hausa a jami'o'inmu su ma akwai aiki a gabansu, domin nazarin waƙar zamani da ya tsaya ga baitoci kawai, bai leƙa yadda aka gina kiɗan ba, rabin aiki ya yi.