Jinjina ga D'Tigers

A gidajen kallo na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, hirar ƙwallon ƙafa ce ta cinye komai, alhali 'yan ƙwallon kwandonmu, D'Tigers, sun cancanci a tashi tsaye a tafa musu.

D'Tigers sun sha wuya kafin su sha daɗi. Sau 3 suna tsayawa a matsayi na biyu a gasar Afirka, a 1997 da 1999 da 2003, kofi na wucewa ta gabansu. Sai a 2015, a Tunisiya, suka ɗauki kofin bayan sun kayar da Angola da ci 74 da 65, Angolar da ta daɗe tana cin karenta babu babbaka a nahiyar. Chamberlain Oguchi ne gwarzon gasar.

Labarin da ya fi ratsa ni shi ne na karawarsu da Amurka. A Olamfik ta Landan, 2012, Amurka ta lallasa mu 156 da 73. Yaran ba su karaya ba. A Yulin 2021, a Las Vegas, ƙarƙashin koci Mike Brown, suka doke Amurka 90 da 87. Wasan sada zumunta ne, to, amma babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa yin haka kafin su.

Sannunku da ƙoƙari, mazan fama. Allah ya ƙara ɗaukaka.