Tulunan Ladi Kwali: Ado da Amfani

Hausa ba ta raba aikin tukunya da na ɗaki ba, duka biyu "gini" ne. Kalmar ta dace da Ladi Kwali, gama ko bayan da ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954, manyan tulunanta da hannu ta riƙa ɗaga su, tana ɗora yumɓu bisa yumɓu yadda matan Gwari suka gada.

Gwanintarta a zane take. Takan raba cikin tulu gida-gida, ta tsaga siffar kunama, ko hawainiya, ko kada, ko kifi. A makarantar akan cike tsagar da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli irin na tangaran, a gasa da wuta mai tsanani, sai dabbar ta fito fili daga ƙarƙashin duhun shafen. Hawainiyarta ba ta cika gidanta ba, ba ta kuwa ɓace a ciki ba. Wannan awo shi ne abin yabo.

Amma akwai hasara wadda masu yabon ba su cika ambata ba. Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne domin jikinsa na tsattsafowa. Shafen ya toshe wannan, ya kuma ƙara nauyi da tsada. Saboda haka tulun ya bar gindin rijiya ya koma ɗakin nuni a Landan, macen da aka ƙago siffarsa dominta kuwa ba ta iya sayensa.