Rawar Nutcracker a hannun masu kaɗa ƙararrawa

A lokacin Kirsimeti akan ji Nutcracker na Tchaikovsky da ƙararrawar hannu a wasu cocinan Amurka. An fara nuna wasan rawar a St. Petersburg a Disamban 1892, kuma babbar ƙungiyar makaɗa aka rubuta wa kiɗan. Mai sake tsara shi don ƙararrawa ya ɗauko jan aiki, domin kowace ƙararrawa amo ɗaya gare ta. Cikakken jeri mai ƙararrawa 61 mutum goma sha ɗaya zuwa goma sha uku ke rabawa, kowa da nasa kason, sanye da safar hannu, a bayan tebur mai shimfiɗar soso. Karin da mai goge ɗaya zai ja shi kaɗai sai ya ratsa hannaye da dama.

Inda aikin ya fi ƙayatarwa shi ne rawar Sugar Plum. Tchaikovsky ya rubuta ta ne don celesta, kayan kiɗan da Auguste Mustel ya ƙera a Paris a 1886, mai 'yan guduma da ke bugun ƙarfe. Tun asali amon celesta ya yi kama da na ƙararrawa, shi ya sa ƙararrawar tagulla ta karɓe shi. Makaɗi ya kaɗa, nan take ya danna bakin ƙararrawar a kafaɗarsa, amon ya yanke tsaf kafin na maƙwabcinsa ya shigo. A Trepak, rawar Rasha mai sauri, ana kwantar da manyan ƙararrawa a kan soso a bi su da sanduna, sai ka ji dirin ƙafafun masu rawa.

Rauni yana bayyana a rawar furanni. Can ƙaho da goge ke jan amo yana kumbura, ita kuwa ƙararrawa da an buga ta amonta sai raguwa. Masu tsarawa kan cike giɓin da girgiza ƙararrawa, idan ya yi yawa kuma kunne ya gaji, laushin rawar ya tafi.

Duk da haka aikin ya cancanci yabo. Shawarata ga ƙungiyar da za ta ɗauke shi: ta fara da Sugar Plum da Trepak, ta bar rawar furanni sai hannaye sun saba da juna.